Shekarar da Rana Ta Ƙi Fitowa a Bakin Tafkin Jeneba

Manoman inabi na Lavaux, a gefen arewa na Tafkin Jeneba a ƙasar Suwizalan, sukan ce rana uku ke nunar musu da amfani. Akwai ta sama. Akwai wadda ruwan tafki ke haskowa ya jefo wa gangare. Akwai kuma ta cikin katangun dutse, waɗanda ke shan zafi da yini su riƙa sake shi a hankali da dare. Gonakin nan hawa-hawa suke a jikin tsauni, wata bisa wata, tsawon kusan kilomita 30 daga gabashin Lausanne zuwa wajen Montreux, duka suna fuskantar kudu. Ruhubanawan Kirista ne suka fara sare gangaren suna jera duwatsu, kuma sanannen fagen nan na Dézaley tun 1141 limamin Lausanne ya miƙa musu shi. Duk lokacin da ruwan sama ya kwashe ƙasa ya gangara da ita, da kwando a baya ake mayar da ita sama.

A shekarar 1816 ta saman ta ƙi fitowa, sauran biyun kuma ba su da abin da za su ba kowa.

Abin bai zo da hayaniya ba. Hunturu ya yi jinkirin tafiya, wanda ba sabon abu ba ne a ƙasar tsaunuka. Afrilu ya shigo da sanyi da laima. Mayu, watan da ciyawa ke tasowa ana shirin kora shanu zuwa makiyayar kan tudu, ya tarar da dusar ƙanƙara kwance a hanyoyin tsaunin Jura. An ɗan sami kwanaki masu haske a cikin watan, mutane suka saki jiki. Daga nan sama ta rufe. Yuni da Yuli suka zama marka mai sanyi, yau yayyafi, gobe mamako, jibi hadari da tsawa a kan tafki. A shekarar babu watan da dusar ƙanƙara ba ta sauko ba a wuraren da tsayinsu bai wuce mita 800 ba, har tsakiyar watannin da ya kamata a ce ana neman inuwa.

An san wannan dalla-dalla domin mutanen Jeneba masu rubuta yanayi ne tun tsakiyar ƙarni na 18. A lokacin ana duba ma'aunin zafi sau biyu kullum, da fitowar rana da kuma ƙarfe biyu na rana, mujallar da masanin kimiyya Marc-Auguste Pictet ke shiryawa tana buga jadawalin wata-wata. Masu bincike na Jami'ar Bern sun koma kan takardun nan a 2012, suka ga abin da manomi zai gane nan take. Sanyin asuba ya ƙaru da kusan digiri 2 ne kawai a kan yadda aka saba, amma zafin tsakar rana ya ragu da kusan digiri 4. Gajimare ne ya tsaya a sama ya hana rana aikinta. Ruwan kuma ba ƙarfinsa ne ya yi yawa ba, yawan kwanakinsa ne. Gona na iya jure ruwa kamar da bakin ƙwarya na yini guda. Abin da ba ta jurewa shi ne mako shida ba ta bushe ba.

Sanadin yana can nesa, inda ba wanda ya yi zato. A tsibirin Sumbawa na Indonesiya, dutsen Tambora ya fara aman wuta ranar 5 ga Afrilun 1815, ya yi babbar fashewarsa ranar 10 ga watan. Dutsen da tsayinsa ya kai wajen mita 4,300 ya dawo kusan 2,850. An ji ƙararsa har Sumatra, fiye da kilomita 2,000, sojoji a Java suka ɗauka igwa ake bugawa. Dubun dubatar mutane suka mutu a Sumbawa da Lombok, mafi yawansu da yunwa da cutar da suka biyo baya. Hayaƙin farar wuta ya haura can ƙololuwar sama, inda ruwa ba ya wanke shi, ya bazu ya zagaye duniya yana tare hasken rana. A jimlace zafin duniya ya ragu da wajen rabin digiri ne kacal, sai dai ragin bai rabu daidai ba, kuma yammacin Turai da tsakiyarta sun sami kaso mai nauyi. Sai bayan kusan shekara 100 wani masanin yanayi na Amurka, William Humphreys, ya danganta sanyin da aman dutsen. Mutanen 1816 tabon da suka riƙa gani a fuskar rana suka zarga, kuma jita-jita ta cika Turai cewa duniya za ta tashi ranar 18 ga Yuli.

Abin da duniya ta fi riƙewa game da wannan ruwa shi ne baƙin da ya tsare a ɗaki. Mawaƙin Ingila Lord Byron ya iso Jeneba a ƙarshen Mayu tare da likitansa John Polidori, ya kama gidan Diodati a Cologny ranar 10 ga Yuni. Ƙasa da shi kaɗan, a bakin ruwa, akwai mawaƙi Percy Shelley da Mary Godwin mai shekara 18 da 'yar'uwarta Claire Clairmont. Sun zo ne don shawagi a kwale-kwale da yawon tsauni. Da ruwa ya hana su fita, suka zauna gaban murhu suna karanta labaran fatalwa na Jamus da aka fassara zuwa Faransanci, har Byron ya ce kowa ya rubuta nasa. Na Mary shi ne Frankenstein, wanda aka buga a 1818. Na Polidori, The Vampyre, ya fito a 1819. A ƙarshen Yuni Byron da Shelley suka zagaya tafkin a jirgin ruwa, guguwa ta kusa kifar da su kusa da Saint-Gingolph, ga Shelley bai iya iyo ba. Suka ziyarci gidan sarautar Chillon, sannan ruwa ya tsare su kwana biyu a wani masauki a Ouchy, inda Byron ya rubuta waƙarsa a kan François Bonivard, wanda aka ɗaure a Chillon daga 1530 zuwa 1536.

Littattafai ne masu daraja, kuma sun cancanci sunan da suka yi. Amma Shelley da Mary sun bar Jeneba a ƙarshen Agusta, Byron ya wuce Italiya a Oktoba, dukkansu kafin a san abin da ke cikin rumbu. Labarin ruwan 1816 na waɗanda suka zauna ne.

Alkama ta kwanta a gona, wadda aka yanka kuma ta tsira a zangarniya kafin ta bushe. Garinta ya riƙa ba da burodi mai danƙo da ba ya tashi. Dankalin Turawa, wanda talaka ya dogara da shi, ya ruɓe a cikin ƙasa mai jiƙe, a wasu wurare kuma sai da aka tone shi daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Ingirici ya yi baƙi a fili domin ba a sami kwana uku a jere na shanya ba. Makiyaya suka sauko da shanu daga tudu da wuri, suka fara ciyar da su abincin da aka tanadar wa hunturu, da ya ƙare kuma aka shiga yanka da sayarwa a wulaƙance. Nama ya yi araha na ɗan lokaci, madara da cuku suka ɓace na dogon lokaci.

A gonakin inabi akwai wata tsohuwar al'ada da ta zama shaida a yau. Mai gona ba ya tsinkar inabinsa ranar da ya ga dama. Hukumar gari ke aika masu duba gonaki, su ɗanɗana, sannan a yi shelar ranar da kowa zai fara, kamar dai yadda ba mai jefa homa a ruwa ranar su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. An yi haka ne don masu karɓar ushiri su san inda za su tsaya, kuma kada wani ya tsinki ɗanye ko ya shiga gonar maƙwabci. Magatakardan gari na rubuta ranar kowace shekara, shi ya sa ake da jerin ranakun nan na ɗaruruwan shekaru. A Beaune ta Faransa ya faro tun 1354. Masanin tarihi Emmanuel Le Roy Ladurie ya mayar da wannan jeri ma'aunin zafin shekarun da ba a ƙirƙiro ma'auni ba tukuna: shekara mai zafi a tsinka da wuri, mai sanyi a makara. A bakin Tafkin Jeneba an saba shelar ta faɗo a Oktoba. A 1816 masu dubawa suka yi ta ɗagawa suna jiran zaƙin da bai zo ba, sai da aka shiga Nuwamba. Abin da aka tsinka ɗan kaɗan ne, kore, mai tsami, wani ma sanyi ya riga ya ƙone shi. Yawancin masu aikin gonakin ba su ne masu su ba, ƙwadago suke yi wa attajiran birni da hukumomi, kuma rabonsu yana cikin amfanin. Sun yi kaftu, sun ɗaure rassa, sun hau da ƙasa a baya kamar kowace shekara, suka tashi hannu wofi.

Yunwar ba ta kama gadan-gadan ba sai a 1817, tsakanin ƙarewar ɗan abin da aka girbe da nunar sabo. Zuwa Yunin shekarar farashin hatsi ya ninka na 1815 sau biyu da rabi zuwa uku, a ƙauyukan lungu har sau huɗu. A nan ne hannun mutum ya shiga cikin abin da sama ta fara.

Suwizalan ta lokacin tarayyar jihohi 22 ce, kowace da kuɗinta da mudunta da shingayenta na karɓar haraji. Jeneba ma a 1815 ta shiga. Yarjejeniyar tarayyar ta ce a bar abinci ya wuce tsakanin jihohi, amma ta bar wa kowace ikon hana masu ɓoye kaya. Ta wannan ƙofa jihohi da dama suka tsare hatsinsu, maƙwabci ya rufe wa maƙwabci hanya. Ƙasashen kudancin Jamus su ma suka taƙaita fitar da nasu. Wannan ya fi yi wa gabashin ƙasar illa, wajen ɗaya babban tafkin, na Konstanz. Jihohin St. Gallen da Appenzell da Glarus sun daɗe da rage noman hatsi sun koma kiwo da kaɗi da saƙar auduga a gida, suna sayen alkamar Jamus da ake ƙetaro da ita a jirgi zuwa babban ɗakin hatsi na Rorschach. Yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, takunkumin da ya hana kayan Ingila shiga Turai ya faɗi, zaren inji mai araha ya cika kasuwa. Mai kaɗi da hannu ta rasa ladan aikinta a daidai lokacin da burodi ya ninka kuɗi. Wani malamin coci na St. Gallen, Peter Scheitlin, ya bi gidajen talakawa a waɗannan shekaru biyu ya rubuta abin da ya gani. Shi da wasu shaidu sun ba da labarin mutane suna dafa ciyawa da dusa, suna cin dodon koɗi da kyanwa, yara suna kwance tsakar rana don ba ƙarfin tashi. A wasu garuruwan Appenzell waɗanda aka binne a 1817 sun ninka waɗanda aka haifa.

Bakin Tafkin Jeneba ya sha wuya, amma bai kai haka ba, kuma ba don ruwan ya yi masa sauƙi ba ne. Jeneba birni ne da ya saba da tsoron yunwa, domin ƙasar nomansa kaɗan ce. Tun 1628 yake da hukumar ajiyar alkama, wadda ta yi aiki har 1798. Hukumar ta tafi, dabarar ba ta tafi ba. Gwamnati da masu hali suka haɗa kuɗi da wuri suka sayo hatsi daga waje ta tashoshin Bahar Rum, a shekarun da jiragen Odessa ke ta sauke alkamar Rasha a can. Aka buɗe wuraren raba miya, irin wadda Count Rumford ya tsara wa talakawan Munich, ta sha'ir da wake da dankali, ana ƙara mata romon ƙashi. Bambancin gabas da yamma ya fi komawa ga wanda ya yi saurin sayo abinci da wanda ya tsaya jiran kasuwa ta gyara kanta, kuma mai karanta tarihin nan da wuya ya kauce wa ganin cewa da yawa daga cikin waɗanda suka mutu da sun rayu. Taimako ya zo wa gabas daga baya. Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya ya aiko da rubul 100,000. Wanda ya koyar da shi yana yaro, Frédéric-César de La Harpe, ɗan garin Rolle ne da ke bakin Tafkin Jeneba.

Hanyoyi suka cika da mabarata. Wata baiwar Allah mai wa'azi daga yankin Baltik, Juliane von Krüdener, ta riƙa ciyar da su daga dukiyarta, dubbai suna bin ta, hukumomi kuma suna korar ta daga wannan jiha zuwa waccan.

Ruwan bai gama da su ba. Dusar ƙanƙarar da ta ƙi narkewa a kan tsaunuka a 1816 ta kwana a can, ta sabon hunturu ta hau kanta. Da zafi ya dawo a tsakiyar 1817, sai ta shekara biyu ta narke a lokaci guda. Ranar 7 ga Yuli Tafkin Konstanz ya kai matsayin da bai sake kaiwa ba har yau, mutane suna tuƙa kwale-kwale a dandalin kasuwar birnin Konstanz, kuma ruwan ya yi makonni bai janye ba. Tafkin Jeneba, wanda ya riga ya cika ya shiga lambuna da ɗakunan ƙasa a 1816, ya sake tumbatsa. Shekara guda bayan haka, a kwarin Bagnes na jihar Valais, tarin ƙanƙarar da ke zubowa daga dutsen ƙanƙara na Giétro ya toshe kogin Dranse, wani tafki ya taru a bayansa. Injiniya Ignaz Venetz ya sa aka haƙa hanya a cikin ƙanƙarar don rage ruwan, kuma an rage mai yawa, amma ranar 16 ga Yunin 1818 shingen ya fashe. Ruwan ya share kwarin har Martigny, ya kashe mutum fiye da 30. A wannan kwari Venetz ya san wani maharbi, Jean-Pierre Perraudin, wanda ya daɗe yana cewa zane-zanen da ke jikin duwatsu alama ce ta cewa ƙanƙara ta taɓa cika kwarin baki ɗaya. Maganar maharbin na cikin tushen abin da masana suka tabbatar daga baya game da zamanin ƙanƙara.

Wasu sun yanke ƙauna da ƙasar. Jihar Fribourg ta ƙulla yarjejeniya da sarkin Fotugal João na Shida, wanda ke zaune a Barazil, kuma a Yulin 1819 ayarin farko ya tashi a jirage daga Estavayer, a bakin Tafkin Neuchâtel. Mutum wajen 2,000 suka kama hanya, kusan ɗaya cikin biyar bai isa ba, saboda zazzaɓin da ya kama su a sansanin jira a Holan da kuma wahalar teku. Waɗanda suka tsira su suka kafa garin Nova Friburgo a tsaunukan bayan Rio de Janeiro. A watan da ya biyo bayan tashinsu, garin Vevey ya yi bikin manoman inabi, inda ake naɗa wa ma'aikatan da suka fi iya gyaran gona kambi a dandalin kasuwa. Rabon da a yi shi tun 1797. Ana yin sa har yanzu, sau ɗaya a kowane zamani, na baya-bayan nan a 2019.

Masanin tarihi John Post ya kira yunwar 1816 da 1817 babbar yunwa ta ƙarshe da ta game ƙasashen Yamma. Ba don an daina samun shekaru masu laima ba ne. A 1823 jirgin ruwa mai tururi na farko a Suwizalan, Guillaume Tell, ya fara zirga-zirga a Tafkin Jeneba. Tsarin mulkin 1848 ya rushe shingayen haraji tsakanin jihohi, kuɗi ya zama ɗaya a 1850, jirgin ƙasa ya iso Lausanne da Jeneba a shekarun 1850. Daga nan hatsin nesa ya iya isa ƙauye kafin mutum ya kai ga cin ciyawa.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta tsayin ruwan tafkin. Kogin Rhône na shiga ta gabas ya fita ta tsakiyar birnin Jeneba, inda tun 1708 aka kafa injin ɗaga ruwa, ga turaku da madatsai da injinan niƙa a bakin mafitar. Mutanen jihar Vaud suka ce waɗannan ne ke riƙe ruwa yana cinye musu gaɓa, kuma ambaliyar 1816 da 1817 ta ƙara musu hujja. Mutanen Jeneba suka ce ruwan sama ne da ƙanƙara. Don a daina musu a kan abin da ba a auna ba, injiniyan jihar Jeneba Guillaume-Henri Dufour ya kafa alamar tagulla a 1820 a kan wani dutse da ke tsaye cikin ruwa a tashar birnin, Pierre du Niton. Alamar nan ce daga baya ta zama mafarin auna tsayin kowane tsauni a taswirar Suwizalan, a kan mita 373.6 bisa teku. Musun kuwa ya ci gaba har Vaud ta kai ƙara kotun tarayya a ƙarshen shekarun 1870. Sai a Disambar 1884 jihohin Jeneba da Vaud da Valais suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ƙayyade iyakar hawan ruwan da saukarsa. Madatsar Seujet ce ke wannan aiki tun 1995: ana rage tafkin a ƙarshen hunturu don a bar wa ruwan ƙanƙara wuri, kuma duk shekara huɗu, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, ana ƙara rage shi a Maris da Afrilu don masu katanga da matsayar jirage a bakin ruwa su sami damar gyara.